Ni da Baba da Mai Kiwon Girgije

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Ƙanƙara

Mansura, abokiyar ɗinkina, ta kawo mini sabon littafin Fatima Zahra'u Rabo daga Funtuwa. "Mai Kiwon Girgije". Shekara biyu ina jiran ta sake rubutu! Ko keken ɗinki ban taɓa ba yau. Wadda ta ba ni ɗinkin biki ta zo, na ce mata kaina ke ciwo. Allah Ya yafe mini.

Alhamis, 9 ga Mayu

Labarin wata yarinya ne, Najiba, a garin da mutanensa ke kiwon girgije kamar yadda ake kiwon shanu. Kowane gida da garkensa. In shuka ta ji ƙishirwa sai a koro su bisa gona a tatse su. Rana ɗaya sarkin aljanun dutse ya aiko aka kore girgijen garin kaf.

Nan na rufe littafin. Haka aka yi mana a ƙauyenmu na Sabuwa, shekara biyu ke nan. Ɓarayin daji suka kore shanun Baba gaba ɗaya, muka taho nan. Tun ranar Baba bai fi ya ce "to" ko "a'a" ba. Yana zaune a zaure daga safe har la'asar, yana kallon bango.

Asabar, 11 ga Mayu

Zafi ya koro ni zaure, ina karatu a bayyane ban sani ba. Na kai inda Najiba ta bi sawun girgijenta tana gudu. Sai na ji an ce, "Ƙarya ne."

Na ɗago. Baba ne.

"Mai bin sawu ba ya gudu, Hafiza. Wagga marubuciya ba ta taɓa kiwo ba."

Na ce in daina? Ya ce, "Wa ya ce ki daina?"

Laraba, 15 ga Mayu

Kullum bayan la'asar yanzu, shafi goma ko sha biyar. Ra'ayina: farkon ya fi duk abin da ta taɓa rubutawa. Amma tsakiyar ta ja da yawa. Me ya kawo ɗan sarkin aljanu mai idon zinariya da zai tsaya yana yi wa Najiba kalaman soyayya shafi ashirin, garinsu na can na bushewa? Kuma a gaban Baba! Na riƙa tsallakewa. Ya gane. Ya ce, "Tsallake shi, bai da amfani." Har da ɗan murmushi. Na shiga ɗaki na share hawaye, kada ya gani.

Lahadi, 19 ga Mayu

Yau ya tsayar da ni, ya ba ni sunayen shanunsa ɗaya bayan ɗaya, da halin kowace. Akwai wata ja da ba ta shan ruwa sai kowa ya gama. Ban taɓa sani ba, ni da na tashi cikinsu.

Talata, 21 ga Mayu

Yaya Jabiru ya bugo daga Sabuwa. Ya ce an samu sauƙi, mutane sun fara sharar gona. Ya sake tada maganar karsanar nan, ita kaɗai da ta tsira don tana gidan Kawu Mani lokacin da abin ya faru. Wai ta kusa haihuwa, Baba ya zo ya gan ta. Sau uku ke nan yana faɗa, Baba na cewa a'a. Wannan karon ni ce ban isar da saƙon ba. Ba na son ya koma can. Ba na so.

Juma'a, 24 ga Mayu

Mun gama. Raina ya ɓaci sosai.

Bayan duk wahalar da Najiba ta sha, ta ratsa duwatsu bakwai, ta rasa takalmi da murya, sai ta dawo gida da girgije ɗaya tak, ɗan ƙarami, ramamme, tana jan sa da igiya. Shi ke nan, littafi ya ƙare. Na ce wallahi Fatima Zahra'u ta cuce ni, ko a labari ba za a mayar wa mutum da abinsa ba?

Baba ya juyo gare ni. Sannan ya ce, "Mace ce ko namiji, girgijen?"

Na duba. Mace ce.

"To mi kike so kuma? Nan kaɗai ta yi gaskiya. Ni ma da ɗaya na fara."

Asabar, 25 ga Mayu

Na faɗa masa saƙon Yaya, na ce tun Talata ne. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi ma da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 30 ga Mayu

An yi ruwan farko. Baba ya fita cikin yayyafi ya tsaya, ya dawo ya ce a wanke masa babbar rigarsa, ranar Lahadi zai tafi. Na ce hanya ba kyau. Na ce ciwon ƙafarsa. Na faɗi ainihin abin da nake tsoro ma. Ya ce, "Ni ma ina jin tsoro, ɗiyata. Amma karsana ba ta haihuwa babu mai ita kusa."

Lahadi, 2 ga Yuni
Faskari

Mota ta tsaya ana gyaran taya, ina rubutu bisa gwiwa. Eh, na biyo shi. Don maganinsa ne kawai, ba ya tuna lokacin sha. Kwana biyu zan yi in koma, ɗinki na jira.

Tun daga Yankara yake nuna wa mutumin da ke kusa da shi gonakin mutane, bakinsa bai huta ba.

Na sake karanta shafin ƙarshe ɗazu. Har yanzu ina ganin marubuciyar ta yi rowa, girgije biyu ba zai kashe ta ba. Amma ban ji haushin kamar da ba.

Kaya kala biyar na zubo a jaka. Ban san me ya sa ba.