Jitar Hemedi Lafiyarta Lau

Ngamiani, Tanga
7 ga Maris, 1983

Zuwa ga Sefu Kihiyo, wan matata, sarkin kafintocin Ilala,

Assalamu alaikum. Shemeji, ina gajiya, yaya aiki, yaya Dar es Salaam da cunkosonta? Ƙanwarka Mwantumu tana gaishe ka, haka ma yara. Ta ce in tambaye ka ko tumbin nan yana barinka ka hango ƙafarka.

Bayan gaisuwa, na ba direban bas ɗin Laraba jitata ya kawo maka. Ka karɓa da hannu biyu. Shekara goma sha bakwai ke nan ba ta taɓa kwana a wani gari ba ni a wani.

Sefu, muryarta ta mutu. Kai ka san ta. Kana wurin ranar da na saye ta hannun Bagirken nan na jirgin ruwa. Ka ƙwanƙwasa bayanta da yatsa, ka leƙa cikinta ta ramukan nan biyu na gaba, ka ce wanda ya haɗa ta mai tsoron Allah ne. Na kaɗa rumba da ita, na kaɗa kiɗan ca-ca-ca, na raka mata masu waƙar biki, kuma ko an ɗauke wuta in na zauna a baranda tana magana da kanta. Yanzu siraran tsirkiyoyin nan biyu sai ka ce an lulluɓe su da bargo. Na sauya su har sau biyu. Na sauya waya. Ina zargin danshin teku ne ya shige ta, ko kuma gam ya saki daga ciki.

Samarin da shugabanmu Mzee Chambo ya ɗauko mana a ƙungiyarmu ta Mwambani Jazz cewa suke in sayi irin tasu, marar ƙoƙo, katako zalla. Na ce musu ba ni da niyyar rataya ƙyauren ƙofa a wuya.

Muna da babban biki ranar ashirin da ɗaya ga Mayu, kafin azumi. Ka yi ƙoƙari. In ka ɓata ta, na dawo maka da ƙanwarka.

Ka huta lafiya.
Naka,
Hemedi Mhando

*

Ilala, Dar es Salaam
19 ga Maris, 1983

Ƙanwata Mwantumu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da Zuberi da ƙannensa. Na aiko wannan ta shagon ɗinkinki, ba ta gida ba. Za ki ga dalili.

Jitar mijinki ta iso lafiya. Kwana shida ina kanta. Na sa ƙaramin madubi da tocila na duba cikinta lungu-lungu, babu inda gam ya saki. Wuyanta a miƙe yake kamar yau aka yi shi. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe na jona ta da sifika na kaɗa da waɗannan yatsun nawa na kafinta, har mai gahawan da ke ƙofar shagona ya ajiye butarsa ya shigo. Siraran tsirkiyoyin da yake kuka da su, kamar ƙararrawa suke. A duk jitocin da suka bi ta hannuna ban ga mai lafiyar wannan ba.

To, ina tambayarki, kuma ki gaya mini gaskiya. In kin kira shi daga madafa, yana amsawa?

Ban rubuta masa komai ba tukuna. Ina jiran amsarki.

Allah ya kiyaye ku.
Yayanki,
Sefu

*

Tanga
28 ga Maris

Yaya Sefu,

Ina wuni, ina gajiya. Na samu wasiƙarka, na karanta ta a bayan keken ɗinki, sai da na tura masu jiran kaya suka tafi.

Ba ya amsawa. Ya kai shekara biyu. Da fari na ɗauka miskilanci ne. Sai rediyo ya fara ƙarfi har maƙwabta suna aiko yara. Muryar maza yana ɗan kamawa, amma tawa da ta 'yarmu Asha sai ya kalli bakinmu. Rannan Asha ta tsaya bayansa tana cewa, "Baba, na ci jarabawa," har sau uku. Bai juyo ba. Yarinyar ta shige ɗaki tana kuka, wai babanta bai damu da ita ba.

Sau ɗaya na gwada. Na ce, "Baban Zuberi, ko za mu je a wanke maka kunne?" Ya ajiye cokali ya ce, "Kunnen da ke ciyar da gidan nan? Ke dai ki daina magana ƙasa-ƙasa kamar mai gulma." Kwana biyu bai ci abincina ba.

Yaya, don girman Allah kada ka gaya masa. Shekara ashirin yana tsaye gefen sifikun nan, babu abin da ya iya sai wannan. Yatsunsa sun haddace komai, ko barci yake zai iya kaɗawa. Ka ce masa ka samu wata waya ta tsinke ka gyara. In ransa ya kwanta zai wuce bikin nan lafiya, bikin 'yar babban mutum ne a tashar jiragen ruwa, duk Tanga za ta zo. Bayan bikin ni da kaina zan lallaɓa shi mu je asibiti. Wata biyu kawai nake roƙo.

Ban taɓa roƙonka ka yi ƙarya ba. Ka yi mini wannan.

Ki gaida, af, ka gaida Anti Zaina. Ka ga har rubutun ya rikice mini.

Ƙanwarka,
Mwantumu

*

Ilala
11 ga Afrilu, 1983

Shemeji Hemedi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa dai ya hana mu sakat.

Na samu wata waya a ciki da dalmarta ta saki, na liƙe. Na goge ƙarafunan wuyan, na sa sababbin tsirkiyoyi. Direban Laraba zai kawo ta. Ka riƙa ajiye ta nesa da bango saboda danshi.

Shawara ɗaya: kada ka tsaya kusa da sifika, kuma kada ka murɗa ta da yawa.

A gaida gida.
Sefu

*

Tanga
24 ga Mayu

Yaya,

Sallama. Ban san ta inda zan fara ba.

Ranar da jitar ta dawo ya yi murna kamar an yi masa haihuwa. Ya kaɗa, ya karkata kai, ya ce, "Ta ɗan farfaɗo. Yayanki ya tsufa, amma da saura." Na yi dariyar dole.

Bikin da la'asar aka yi, a babban zaure, ruwa na zuba a waje. Ina cikin mata, mun yi anko. Waƙa biyu na farko lafiya lau. A ta uku akwai inda kowa ke yin shiru a bar shi shi kaɗai, wurin da mata ke tashi su yi masa liƙi. Na ga ya karkata kai. Na ga ya matsa kusa da sifika. Na ga ya miƙa hannu ya murɗa, ya ƙara murɗawa.

Yaya, kai ka san abin da jita mai ƙoƙo ke yi in an matsa mata kusa da sifika. Wani irin kuka ta ɗauka, siriri, mai huda kai, ba ya tsayawa. Jarirai suka fashe da kuka. Amarya ta toshe kunnuwa da hannuwanta masu lalle. Tsofaffi suna ta ɗaga hannu. Shi kuwa idonsa a rufe, yana murmushi, yatsunsa suna tafiya. Bai ji ba. Wallahi bai ji komai ba. Mzee Chambo ya yi ta kiran sunansa, daga ƙarshe ya taka ya fizge wayar daga bango.

Sai ya buɗe ido. Ya ga mutum ɗari uku sun toshe kunne suna kallonsa. Wani daga baya ya ce, "A kai tsoho gida!" aka yi dariya. Wannan ma bai ji ba, amma ya ga bakunansu.

Ya sa jitar cikin akwatinta a hankali, ya fita cikin ruwan. Na bi shi da ankona. A gida ya zauna jiƙe ya ce, "Sefu ya kashe mini ita. Gobe zan hau bas in same shi." Ya yi ta zaginka. Na kasa jurewa. Na gaya masa komai, har wasiƙun.

Jiya Mzee Chambo ya zo da kansa, ya zauna, ya sha shayi, ya ce Hemedi ya huta tukuna. Mun san ma'anar hutun.

Ni na jawo. Ka yafe mini.

Mwantumu

*

Ngamiani
6 ga Yuni, 1983

Sefu Kihiyo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya.

Na je asibiti. Sun sa mini wani abu a kai, suka ce in ɗaga hannu duk lokacin da na ji ƙara. Na zauna ina jira su fara. Ashe sun daɗe da farawa. Kunnen hagu ya tafi. Likitan ya ce ba datti ba ne, ba kuma abin da wanki ko allura za su dawo da shi.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Ciwo na Allah ne.

Ka san yadda na samu labari? Matata ta faɗa mini, ban ji ba. Ta sake, ban ji ba. A na uku sai da ta ɗaga murya, har matar maƙwabcinmu Mwinyi da ke shanya a tsakar gida ta ji cewa ni kurma ne kafin ni in ji.

Ita mace ce mai tsoron kada gidanta ya rushe, na fahimce ta. Amma kai? Tare aka yi mana kaciya. Kai ne mutumin da ya taɓa ce mini waƙata ta farko ba ta da daɗi, a gaban mutane, kuma gaskiyarka ne. Shi ya sa ban kai jitar wurin kowa a Tanga ba, na aika ta har Dar. Na ce akwai mutum ɗaya da ba zai yi mini ƙarya a kan sauti ba. Ka riƙe ta wata guda, ka san lafiyarta lau, ka rubuto mini zancen dalma. Da layi ɗaya ka rubuta, "Hemedi, ba ita ba ce, kai ne," da na zage ka, da na yi wata uku ba na kula ka, amma da na sauka da ƙafata. Da mutanen Tanga sun tuna ni da abin da na kaɗa musu shekara ashirin. Yanzu in na wuce kasuwa yara toshe kunne suke yi.

Har da shawara, wai kada in tsaya kusa da sifika. Ka ga ramin, ka ce in taka a hankali.

Jitar tana hanya, direban Laraba. Ba gyara na aiko ta ba. Ba na son ganinta a ɗakin.

Hemedi

*

Ilala
15 ga Yuni, 1983

Ɗan'uwana Hemedi,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Barka da shan ruwa.

Duk abin da ka faɗa haka yake. Kada ka ɗora wa Mwantumu. Ta roƙa, amma ni na rubuta. Kuma ba don ita kaɗai na yi ba. Na zauna sau uku zan rubuta maka gaskiya, na kasa, saboda ba na son in zama mutumin da ya faɗa maka. Na zaɓi sauƙin kaina na kira shi tausayi. Babu wata waya da ta saki. Ban taɓa dalma ba ma.

Akwatin ya iso da danshin ruwa a cikinsa. Na fitar da ita na shanya a inuwa. Ruwan bai yi mata komai ba. Na so a ce ya yi, ko na samu abin da zan gyara maka da gaske.

Jiya bayan na rufe shago na toshe kunnuwana da auduga, na rungume ta sosai na kaɗa. Hemedi, ana jin ta a ƙirji. Manyan tsirkiyoyin har cikin haƙarƙari. Marar ƙoƙo ba za ta yi haka ba. Ban ce daidai yake da ji ba. Amma ko a baranda ne, kai kaɗai, wataƙila wani abu ne. In ka yarda in kawo maka ita da kaina.

In kuma ba ka son ganina, wannan ma na karɓa. Ka dai amsa, ko da zagi ne.

Ka gaida ƙanwata da yara. Ka ce wa Asha kawunta ya ji labarin jarabawa.

Naka har kullum,
Sefu

*

Ngamiani
29 ga Yuni

Shemeji,

Sallama. Muna shan ruwa lafiya.

Zancen ƙirji na sani. Wata shida ke nan da shi nake kaɗawa, ban gaya wa kowa ba, har kaina. Ba ya isa.

Jitar, ka ba wanda zai ji ta. Ka zaɓa da kyau, kuma kada ka taɓa gaya mini sunansa.

Kai kuma ka zo Ƙaramar Sallah, kai kaɗai, ban da ita. Ban gama fushi ba, amma likita ya ce kunnen daman ma yana bin ɗan'uwansa, bai san ko wata nawa ba. Ka zauna ta wannan gefen, ka yi ta surutunka na banza. Kada ka bari sai Babbar Sallah.

Hemedi