Hamisu, Tauraruwa Mai Wutsiya Ta Zo Ba Ka Nan

Assalamu alaikum Hamisu, mutumina.

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan Allah ya sa kana cikin rahama. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, ba kuma wanda zai karanta maka ita. Amma tun da ka tafi nake haɗiye maganganun da kai kaɗai nake zuba wa, sun cika mini ciki, na gaji da riƙonsu.

Gida lafiya. An yanke gero, ya yi kyau ba laifi, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran girbi. Wake ne tsutsa ta yi wa ɓarna. Motocin 'yan kasuwar hatsi ta Dawanau sun fara shigowa tun hatsi bai gama bushewa ba, ka dai san halinsu. Dam ɗin Watari ya cika, ɗanka Auwalu ya yafa irin tumatir a bakin ruwa. Ya fi ka ƙwazo, kada ka ji haushi. Sannan an kafa dogon ƙarfen waya yamma da tudunmu, da jar fitila a kansa, daidai inda jinjirin wata yake tsayawa. Da kana nan da har yanzu kana mita.

Tun muna samari ni da kai muke hawa tudun nan duk ƙarshen wata, mu duba, mu sauko mu ba dagaci shaida, shi kuma ya aika wa hakimi. Tun da ka rasu abin ya dawo kaina ni kaɗai. Samari suna biyo ni, kowa da wayarsa a hannu, amma bakina suke kallo. In na ce ya tsaya, ya tsaya. In na ce bai tsaya ba, kowa ya kakkaɓe rigarsa ya tafi masallaci. Ga azumi saura 'yan watanni, kuma da maganata za a ɗauka ko a bari.

To, a tsakiyar kakar nan Zulai 'yarka, wadda ke karatun taurari a jami'a, ta kira ni a waya. Ta ce wata tauraruwa mai wutsiya za ta fito yamma bayan magariba, su kuma a birni fitilu da hayaƙin motoci sun rufe musu sama. Wai akwai masu kallo a ƙasashe daban-daban, kowa yana faɗin yadda ya ga haskenta, sai a haɗa a san yadda take dusashewa. Ta roƙe ni in riƙa gaya mata inda ta tsaya daga tauraruwar nan Zara, in kuma nemi taurari biyu kusa da ita, ɗaya ya fi ta haske ɗaya bai kai ta ba, in faɗi wanda ta fi kama da shi. Ta ce Baba Garba, duk ƙasar nan ba idon da na yarda da shi irin naka. Ka san ni da yabo. Na ce ta bar komai a hannuna.

Ka tuna wadda muka gani shekarar da aka haifi Zulai, da bazara? Wadda tsofaffi suka ce wani babba zai mutu, kai kuma ka ce to wace shekara ce babba bai mutu ba? Wannan ba ta kai waccan ba, amma ta yi kyau. Ranakun farko tana ƙasa-ƙasa a hannun daman Zara, wutsiyarta a sama kamar tsintsiyar da aka jingina da bango. Har mata sun fito bakin zaure kallo. Kullum tana ƙara hawa, tana nisa da mafaɗar rana, haskenta yana raguwa. Kullum bayan isha'i in kira Zulai in ba ta labari, ina jin kaina wani babban malami.

Da farin wata ya cika sai ta yi wuyar gani, na ce laifin wata ne. Da wata ya fara jinkirin fitowa, sama ta koma baƙi ƙirin, na hau tudu na duba har wuyana ya ƙage, ban ga komai ba. Na ce wa Zulai tauraruwarki ta tafi. Ta ce in sake dubawa gobe. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Ranar Juma'a sai ga ta ta sauka daga mota, wai ta zo gaida Innarta. Da la'asar sakaliya muka hau tudu, har da Talatu uwar gidana, wadda ta ce ita ma yau sai ta ga abin da ke hana ni cin tuwo da zafi. Kafin rana ta faɗi Zulai ta ajiye dutse a ƙasa ta ce wannan rana ce. Ta ɗauki kara ta ja layi ya zagaye dutsen, ya miƙe har iyakar gonarka, ta ce a gaskiya ya wuce nan nesa ba kusa ba. Ta ce hanyar tauraruwar ke nan, ta zo ta kewaye rana, yanzu ta kama hanyar komawa, kuma sai bayan dubban shekaru za ta dawo, in ma za ta dawo. Da kana wurin da ka yi mata gardama, na sani.

Muka yi magariba a nan. Duhu na shiga, Talatu ta miƙa hannu ta ce ai ga ta can saman ɗorawa, ta dai yi fari-fari. Talatu fa, Hamisu, wadda ba ta taɓa ganin jinjirin wata ba sai ya kwana biyu. Na bi yatsanta da kallo. Na murza ido, na rufe ɗaya na buɗe ɗaya. Ba komai sai duhu da wani hazo da na daɗe ina cewa hayaƙin karan da ake ƙonawa ne.

Zulai ba ta ɓoye mini ba. Ta ce tun farko abin da nake faɗa yana ƙasa da na kowa, kuma akwai ƙananan taurari da take tambayata in ce babu su, alhali suna nan. Ta ce tana jin yanar ido ce ta fara rufe mini gani, kuma ana cirewa a asibiti. Tana faɗa tana lallashina. Yarinyar nan ta ɗauko tausayinka, ba ta ɗauko tsiyarka ba.

Na ji kunya, ba zan ɓoye maka ba. Sai kuma tsoro ya biyo baya. Watannin da na ce wa mutane bai tsaya ba, ya tsaya ne ni ban gani ba? Tun yaushe abin ya fara? Da kana gefena da tuni ka dungure mini kai ka ce Garba ka makance, mu yi dariya a wuce wurin. Ban taɓa gaya maka ba, ba duban watan ne ya dame ni ba kamar zaman da muke yi muna jiransa. Kuma ina jin haushinka da ka riga ni tafiya ka bar mini tudu ni kaɗai. Allah ya yafe mini wannan.

Zuciyata ta ce in yi shiru. Wa zai sani? Talatu ba za ta faɗa ba, Zulai ma haka. Sai in hau in tsaya kamar kullum, in wani yaro ya ce ga shi, in gyaɗa kai. Na yi kwanaki ina juya wannan, abinci ma ba ya shiga. Amma azumin mutanen gari ba abin da zan yi wa gyaɗa kai ba ne.

Ɗazu da hantsi na je wajen dagaci, liman yana zaune. Na ce daga yau kada a ƙara karɓar shaidata a kan wata. Dagaci ya ce haba Malam Garba, to wa za mu sa? Na ce a gwada Auwalu da samarin nan, idonsu garau, 'yar'uwarsa kuma ta riƙa gaya musu inda za su duba. Liman ya yi mini addu'a mai tsawo. Na yi musu sallama na fito.

Asibiti sai an shigar da dawa, in Allah ya kai mu. Ko za a dace, ban sani ba. Takardar nan ma da manyan baƙaƙe nake rubuta ta, hancina kusan a kan takarda. Ƙarshen wata ya matso, Hamisu. Ran nan zan shimfiɗa buzuna a zaure in zauna, in jira yara su sauko su gaya mini ko ya tsaya.

Allah ya haskaka kabarinka. Sai na zo.

Naka har kullum,
Garba