Ba Suga Ke Magana Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan muna nan yadda kuka bar mu.

Na zaɓi rubutu ne saboda in na kira ki a waya muryata za ta ɗaga, ke kuwa kin riga kin samo wa muryata suna.

Ranar da kuka zo duba Mama, ke da Auta, na faɗi abin da ke cina. Na ce tun da Mama ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, hankalinta kuma ya fara gushewa, ni kaɗai ke ɗaga ta, ni ke mata wanka, ni ke canza shimfiɗa, sannan in ɗauki jaka in je in tsaya gaban 'yan aji uku har azahar. Na ce mu uku ta haifa, ba ni kaɗai ba. E, na ɗaga murya. E, na buga tebur. Amma ke me kika yi? Kika juya wajen Auta kamar ba na ɗakin, kika ce, "Ƙyale ta, ciwon suga ne, haka yake sa su."

Su, Yaya! Ni ƙanwarki na koma "su".

Auta dama mafita yake nema, kika buɗe masa ƙofa. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ɗauki makullin motarsa. Har yau ban ga ƙeyarsa ba.

Tun daga ranar abin ya zama waƙa a gidan nan. In na tambayi wanda ya bar famfo a buɗe, sai baban yara ya ce wa 'yata ta ɗauko mini na'urar awon suga. Ita kanta yarinyar, da ta ƙona mini mayafi da dutsen guga, sai da ta fara tambaya ko na ci abinci kafin ta nuna mini. Ba wanda yake jin me na ce, sai yadda na ce shi.

Ciwon nan ya raba ni da zaƙi, ya huhhuda mini yatsu, na haƙura. Ba zan yarda ya raba ni da bakina ba.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Malama


Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ina fatan gida lafiya. Na ji saƙonki. Ba ki ba ni amsa ba, sai kika kira baban yara kika ce ya riƙa lallaɓa ni. Na gode. Ni ce dai ƙwan da ake lallaɓawa, amma ni ce kuma jakin da ake ɗora wa kaya.

Wani abu ya faru shekaranjiya, gara ki ji daga bakina.

Da safe na yi allurata, na zuba shayi, na yanka burodi. Kin san ƙa'idar: in an yi allurar, dole a ci abinci. Ban kai loma baki ba na ji Mama tana kira. Ta ɓata shimfiɗarta har zuwa filo. Na ɗora ruwa, na juya ta, na goge ta, na cire zanen gado, tana riƙe mini hannu tana cewa ruwan ya yi sanyi, na ƙara na zafi ta ce zan dafa ta. Ina ta fama, sai na ji gumi yana tsattsafo mini, hannuna yana rawa, kunnena yana ƙugi. Na miƙa mata kofin magani ta ture, ya zube a kan sabon zanen.

Yaya, na daka wa uwarmu tsawa. Na jefa kofin ya bugi bango. Abin da na faɗa ban riƙe shi duka ba, amma na riƙe fuskarta. Ta ɗaga hannu ta kare kanta, kamar yarinyar da za a mara. Baban yara ne ya shigo ya zaunar da ni a ƙasa, ya ɗura mini lemo. Da hankalina ya dawo, na kifa kai a ƙafafunta na yi ta kuka. Ita har ta manta, tana shafa kaina tana tambaya wa ya taɓa ni.

Na san me za ki ce. Za ki ce, to ai ga shi nan. Tsaya tukuna.

Jiya na je asibiti na tambayi likita ƙiri-ƙiri, ko ciwon nan ya canza mini hali. Ta ce in suga ta faɗi ƙasa, mutum kan rikice ya yi faɗan da ba nasa ba, in ta hau kuma gajiya da ƙunci kan zo, kuma rayuwa da ciwon kanta takan gajiyar da zuciya. Sai ta tambayi me ya hana ni karyawa bayan allura. Na gaya mata. Ta ajiye biro ta ce, "Ke kaɗai aka haifa?"

Saboda haka fushi biyu ne, kuma na san bambancinsu fiye da ku. Ɗaya yana zuwa da rawar hannu, kofin lemo ya kore shi, ya bar ni da kunya. Wannan na ɗauke shi, nawa ne. Ɗayan kuma, na ci na ƙoshi, na auna na ga lafiya lau, ga shi nan daram a ƙirjina ina rubuta miki. Shi wannan ba lemon da zai kore shi. Kuma da akwai hannu na biyu a ɗakin nan da safen, da na sha shayina, da Mama ba ta kare fuskarta daga 'yarta ba.

Ba roƙo nake ba. Ina tsoron ranar da zan faɗi ina riƙe da ita, ba kowa a gida.

Ƙanwarki,
Malama


Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun isa lafiya, hanya ba ta jijjiga ƙugun Mama ba. Ki gaida maigidan, ki ce masa na gode da ya ba da ɗakin baƙinsa.

Ban zaci zuwanki ba. Na buɗe ƙofa na gan ki da jakunkuna, kika wuce ni kika ce in je in ci abinci. Haƙuri dai ba ki ba ni ba, na lura. Amma na ga yadda kika tsaya a bakin ƙofar ɗakin Mama da warin ya buge ki, na ga kuma kin naɗe hannun riga. Na karɓi wannan a madadinsa.

Auta ya kira. Wai kin wanke shi tas, kin ce jinyar Mama ta ƙarshen mako tasa ce. Ya fara da cewa ya ji jikin nawa ya motsa. Na ce jikina lafiya, kunyarsa ce ba ta da lafiya, na kashe wayar. Kada ki ce in huce masa. Zan huce ranar da na ga hannunsa a cikin bahon wanki.

Ina barci yanzu, ina cin abinci a kan lokaci, awo ya daidaita. Baban yara yana ta cewa matarsa ta dawo. Na ce ba inda na je, ku ne kuka toshe kunne. Yau da safe kuma na tsinci kaina a ɗakin Mama da tawul a kafaɗa, gado ba kowa. Na daɗe a tsaye.

Ki juya ta ta ɓangaren dama, hagu ke mata ciwo. Maganin ki niƙa shi, ba ta iya haɗiyar ƙwaya. Ba ta son a rufe taga. Ba za ta yi miki gardama sosai ba, don ke ba ta manta ki ba. Duk watannin nan da sunanki take kirana. In na gama mata wanka na shafa mata mai, sai ta kama hannuna ta yi ta sa miki albarka, ta ce a cikin 'ya'yanta ba kamar ke. Ni kuma in ce amin, in ɗauki baho in fita.

Ki shafa mini kanta.

Ƙanwarki,
Malama