Waɗanda Aka Ɓoye a Kicin

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, kuma ƙafar Baba ta yi sauƙi. Na iso makaranta lafiya, sai dai raina a ɓace yake.

Kin san yadda ake jera ƙungiyoyin 'yan mata a jami'ar nan, kowace da gidanta: gidajen sama, na tsakiya, na ƙasa. Gidanku na da har yanzu shi ne a sama, wai nan kyawawa suke. Namu kuwa "gidan ragowa" ake ce masa. Kuma su wa ke yanke hukuncin? Samarin ƙungiyoyin maza, waɗanda ko safarsu ba su iya wankewa ba, ba su kuma taɓa taka ƙofarmu ba. Bara wucewa suka yi a mota suna yi mana kukan shanu.

To bana ni aka zaɓa in shirya makon karɓar sababbi. Jiya uwar ƙungiya ta turo mana wata Misis Pettway. Ta jera mu a falo tana dubanmu ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen akuya. Daga baya ta ja ni gefe, ta ce in muna son barin ƙasa, masu kyan gani ne za su tsaya bakin ƙofa su yi waƙa su tari baƙi, sauran a ba su aikin kicin har makon ya wuce. Sunan da ta fara kira shi ne Odessa.

Mama, Odessa ce ta tsince ni ina kuka bayan ɗakin karatu ranar da gidanku ya ƙi ɗaukata. Ita ta kawo ni nan, ɗakinmu ɗaya. Da wane baki zan faɗa mata?

'Yarki,
Maribeth

Maribeth 'yata,

Ina gaishe ki. Babanki ya ji sauƙi, har ya je coci ranar Lahadi.

Na karanta wasiƙarki, na ga har yanzu ba ki bar halin nan naki na ɗaukar abu da zafi ba. Haka ake yi a kowane gida, har namu. Ke a zatonki a bakin ƙofa na tsaya? Shekara uku ina kicin ina matse lemon tsami saboda haƙorana, kuma ban mutu ba. Da sunan gidan na samu babanki, da shi nake zama a teburin gaba a kowane biki na garinmu Tupelo. Mai haƙuri yakan dafa dutse. In gida ya hau, har na kicin sun hau, kuma in ƙawarki na da hankali gode miki za ta yi.

Na ga hoton da kika aiko. Ki rage cin soyayyiyar kaza.

Allah ya yi miki albarka,
Mamanki

Mama,

Ina gaisuwa. Na yi abin da kika ce.

Na gaya wa Odessa wai kicin na bukatar mutum mai amana. Sai ta ce, "Maribeth, ki dai ce mini ni mummuna ce, ya fi sauƙin haɗiya." Ta ɗaura ƙyallen girki ta shige. Su tara muka rufe a ciki. Muna waƙar 'yan'uwantaka a falo, ina jiyo ƙarar kofuna ta bayan ƙofa.

An yi nasara, in wannan ne sunanta. Sababbi sun cika gidan, an ce mun hau tsakiya. Samarin nan masu kukan shanu sun aiko mana da gayyatar liyafa, 'yan gidanmu suka dinga tsalle har da masu hawaye. Ni kuwa gefe na koma. Shekara guda ina zagin masu auna mu da ido, ashe jira nake a miƙo mini ma'aunin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne naki, Mama. Sun ɓoye ki shekara uku, amma har yau hoton gidan yana rataye a falonmu.

Tun daga ranar, Odessa ba ta sake kwana a ɗakinmu ba. Na rubuta mata ina roƙon ta dawo.

Ki gaida Baba.
Maribeth

Maribeth,

Na ga saƙonki, na gode. Ina lafiya. Na kama ɗaki a cikin gari, na kuma mayar musu da bajon ƙungiya. Kada ki zo.

Na ga sababbinku ta tagar kicin, kyawawa ne ƙwarai. Ranar ƙarshe Misis Pettway ta shigo shan ruwa tana waya, ba ta ma lura da mu ba. Tana lissafa waɗanda za a sa aikin kicin baɗi. Sunanki ta fara kira.

Ki zauna kusa da firiji, daga nan aka fi jin waƙar.

Odessa