Na zagi kashi na biyu na gem, an mayar da ni sashen niƙa roba

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure, da fatan kowa ya tashi lafiya. Admin don Allah a ɓoye sunana, a sa mini wannan yadda na rubuto shi. Jama'a shawararku nake nema, don Allah ku ba ni ita tsakani da Allah, saboda raina a ɓace yake, kuma na san halina, idan na yanke hukunci a wannan yanayin ba zai yi kyau ba. Na san wasu da sun ga kalmar gem za su ce ƙato da shi yana ƙorafi a kan wasan yara, to ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, maganar ta taɓa abincina.

Ni ma'aikaci ne a wani kamfanin roba a Sharada, muna yin bokitai da kujeru da robobin wanka, ina zaune a Na'ibawa da matata da 'yarmu ɗaya. Ina da aboki a wurin aikin, zan kira shi Yohanna duk da ba sunansa ke nan ba, ɗan kudancin Kaduna ne, shi ke tuƙa motar ɗaga kaya a sito. Kusan lokaci ɗaya aka ɗauke mu aiki. Ranar da naƙuda ta kama matata ina kan inji, sufabaiza ya hana ni fita sai an samu wanda zai karɓe ni, Yohanna ne ya bar abincinsa ya tari adaidaita ya je ya kai ta asibiti tare da maƙwabciyarmu. Na faɗi wannan ne don ku san ba abokin hanya ba ne. Na'urar gem ɗin tawa ce, amma a ɗakinsa take zaune, saboda yana haya nan bayan kamfanoni kuma layinsu ya fi namu samun wuta nesa ba kusa ba. Duk ranar Lahadi in ya dawo daga coci ni kuma ba ni da shif, can nake wuni, hannun buga gem ɗaya muke karɓa-karɓa, wanda ya mutu ya miƙa wa ɗan uwansa.

Ba zan faɗi sunan gem ɗin ba, don duk ɗan Sharada da ya ji zai gane ni. Kashi na ɗaya labarin wani maƙeri ne da sojoji suka kwashe mutanen garinsu suka kai su haƙar ma'adinai a ƙarƙashin wani dutse, shi kaɗai ya tsira, ya bi su da guduma da wata igiya mai ƙugiya da ya ƙera da hannunsa. Mutum ne marar surutu, sai ka yi tafiya mai nisa bai ce uffan ba, iska kawai kake ji da ƙarar takalminsa. Babu mai nuna maka hanya. Ka tsaya ka dubi bango, ka gano inda ƙugiyar za ta kama, ka jefa, in ka kuskure ka faɗa rami ka dawo baya. Akwai wani shugaban masu gadi da ya hana mu barci na makonni, har a wurin cin abinci muna zana yadda za mu zagaye shi da tsinke a ƙasa. Ranar da muka kashe shi Yohanna ya fita tsakar gida ba takalmi yana tsalle, har mai gidan hayar ta leƙo ta ɗauka wani abu ne ya faru. Shekaru muka yi muna jiran kashi na biyu.

To ya fito, kuma wallahi ban taɓa ganin cin amanar masoya irin wannan ba. Abu na farko, sun ɗauke igiyar. Abin da ya sa gem ɗin ya zama gem, sun cire shi, yanzu duk inda za ka hau an shafa masa farin fenti, ka danna maɓalli ɗaya mutumin ya haye da kansa kamar lifta. Maƙerin da muka sani da kamewa sun mayar da shi mai barkwanci, kowane taku sai ya yi wata magana mara kan gado. Sannan sun ɗora masa wani aku a kafaɗa, tsuntsun nan ba ya rufe baki, kafin ka gama duban ƙofa ya ce ja wancan ƙarfen, kafin ka ja ya sake faɗa, in ka ja kuma ya ce ai na gaya maka. Sun yi ta tallar cewa ƙasar ta ninka ta da girma, gaskiya ne ta yi girma, amma fanko ce, babu komai sai aike. Je ka tsinto guntayen ƙarfe, kai wa wance itace, dawo ka gina rumbu, koma ka tsinto wasu ƙarafan. Abokan gaba kuma wawaye, kana tsaye a gabansu suna neman ka. Hoton yana da kyau, ban musa ba, ruwa kamar ka sa hannu ka ɗiba, amma ni ba kallon ruwa na zo yi ba. Yohanna kuwa tun ranar farko ya ce shi ya yi masa, wai labarin ya fi na farko taɓa zuciya, wai ni ne na tsufa ba na son sabon abu. Mun yi ta musu, musun da muka saba, ban ɗauke shi komai ba.

Wata rana lokacin hutun rana ina zaune wurin mai shinkafa da wake a ƙofar kamfani, shi yana can ana loda mota, sai ya turo mini saƙo yana tsokanata, wai yaushe zan zo in nemi gafarar gem. Ni kuma na danna boyis, wato saƙon murya, na sauke masa duk abin da ke raina. A ciki na ce wannan ba gem ba ne, shif ne, mutum ya tashi daga aiki a gajiye ya je ya kama wani aikin da ba albashi. Sai na ƙara da cewa akun nan sak sufabaizanmu, ba ya taɓa komai da hannunsa, sai dai ya tsaya a kafaɗarka yana gaya maka abin da ka riga ka sani, in aiki ya yi kyau ya ce shi ne. Har na kwaikwayi muryarsa, yadda yake jan hanci in zai ce a yi sauri. Shi kaɗai na tura wa, magana ce tsakanin aboki da aboki, irin wadda kowa a nan yake yi.

Ashe Yohanna ya ji ta ba shi dariya, ya tura wa abokan aikinsa na sito, a cikinsu kuma wani ya jefa ta guruf ɗin ma'aikata. Kafin a tashi daga aiki kowa ya ji. Washegari sufabaiza na shigowa wani ya yi kukan tsuntsu daga bayan inji, aka fashe da dariya, daga nan sunansa ya koma Aku a duk kamfanin, har masu gadi. Mutumin nan babba ne, ya kusa haifata, kuma shi ne ya rubuta a mayar da ni sitaf, ma'aikacin dindindin, bayan shekarun da na yi ina kashuwal na wucin gadi, ana jiran sa hannun manaja kawai. Ya kira ni ofishinsa, ya ajiye waya a kan tebur ya kunna boyis ɗin daga farko har ƙarshe, ina tsaye ina jin muryata tana kwaikwayonsa. Da ta ƙare ya ce, "Malam, muryar wa ce wannan?" Na ce, "Oga tawa ce, ku yi haƙuri, wasa ne tsakanina da abokina." Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ba komai. Tunda ba ka son mai tsaya maka a kafaɗa, zan kai ka inda ba wanda zai tsaya." Tun daga ranar ina sashen niƙa roba, inda ake zuba fasassun bokitai a inji. Wanda ya san wurin ya san abin da nake nufi, ƙara ce da ko kiran sallah ba ka ji, ga zafi, ga ƙurar roba a maƙogwaro, ina komawa gida kunnena na ƙugi 'yata na yi mini magana ina cewa me kika ce. Maganar sitaf kuwa ba wanda ya sake tayar da ita.

Na sami Yohanna a ɗakinsa ranar Lahadi. Ya ba ni haƙuri, ya rantse bai yi nufin ta fita daga sito ba, amma yana ba ni haƙurin yana danne dariya, wai shi har yanzu in ya tuna yadda na ja hanci sai ta taso masa. Na haɗiye wannan. Na ce to kunna mini kashi na ɗaya in ɗan huce, sai ya fara sosa ƙeya. Ashe ya goge shi daga na'urar gaba ɗaya, har da ajiyar wasanmu na shekaru, wai na biyun ya nemi ƙarin wuri kafin ya sauke wani gyara. Na'urata, bai tambaye ni ba. Ya kuma ci gaba daga inda na tsaya har ya gama gem ɗin shi kaɗai. Ina tsaye ina kallonsa, abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Amma fa mutumina, da ka daure ka kai inda na kai, da ka janye maganarka. Akun nan akwai dalilin da ya sa yake surutu." Jama'a ku ji fa, aikina na lilo, shi yana kare mini tsuntsu. Na gaya masa maganganu masu zafi, na ce wanda gem irin wannan ya burge dama ba za a ba shi amanar magana ba, shi ma ya hau, ya ce ai ba shi ya sa ni zagin oga ba, bakina ne. Na fita na bar masa na'urar, har yau ban koma ba.

Don in yi masa adalci, daga baya na ji ya je wurin sufabaiza da kansa ya ce shi ya yaɗa boyis ɗin, a hukunta shi a mayar da ni injina. Oga ya ce masa shi bai ji muryarsa a ciki ba, ya koma bakin aikinsa. Yohanna ya turo mini saƙonni ban buɗe ba, ya aiko wa 'yata biskit ta hannun wani, na karɓa don ba zan mayar da kyautar yarinya ba. In mun haɗu a get sai in kau da kai.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne wasu a wurin aiki sun fara juya maganar. Mutum biyu sun same ni a masallacin kamfani suna cewa ai dama sun gaya mini, mutanen nan ba a sakin jiki da su. Wallahi wannan ta fi ƙurar roba shaƙe ni, domin wanda ya jefa boyis ɗin a guruf tare muke sahu da shi, kuma waɗannan masu maganar ba wanda ya taɓa taka ƙofar gidana da alheri. Fushina da Yohanna fushin aboki ne da ya yi mini sakaci da magana ya kuma raina abin da nake so, ba ruwansa da cocinsa. Amma na lura duk ranar da na wuce shi ban gaishe shi ba, sai in ga suna kallon juna suna murmushi, su ma 'yan ɓangarensa sun fara ja baya da ni a wurin cin abinci. Ba na son a yi amfani da ni a raba kan mutanen da suke cin abinci a benci ɗaya.

Ga shi kuma bikin Yohanna ya zo. Tun bara ya sa ni cikin manyan abokan ango, ɗinkina ma yana wurin tela an gama. Matata ta ce in je, ta ce ita ba za ta manta wanda ya kai ta asibiti ba saboda wani tsuntsun cikin talabijin, kuma wai dama ta gaji da gem ɗin nan da ke cinye mata Lahadi. Ni kuma in na tuna dariyar da yake dannewa, da yadda ya goge wasanmu kamar ba komai ba, sai in ji ko fuskarsa ba na son gani. Ina tsoron in je in zauna ina cin magani a cikin danginsa in ɓata masa rana, ina kuma tsoron in ƙi zuwa masu gutsiri-tsoma su samu abin da suke so. Ga maganar oga, ban sani ba ko in nemi wani dattijo a kamfanin ya raka ni in sake ba shi haƙuri, ko in fara neman aiki a Challawa ko Bompai tun kunnena bai mutu ba, alhali can ma daga kashuwal zan sake farawa.

Roƙona ɗaya, wanda zai zo kwament ya ce mini kashi na biyu ya fi na ɗaya don Allah ya riƙe ra'ayinsa, na buga da hannuna, shirme ne, kuma ko an mayar da ni sitaf gobe ba zan canza wannan ba. Abin da nake tambaya shi ne, mutumin da ya yi maka irin wannan sakacin ana ci gaba da abota da shi ko a gaisa kawai daga nesa? In je in ɗauko na'urata, ko ɗauko ta zai zama kamar na yanke igiyar gaba ɗaya? Wane ne a cikinku ya taɓa ɓata wa ogansa irin haka ya kuma samu ya gyara, ta yaya ya yi? Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci motar 'yan biki za ta tashi daga ƙofar kamfani, an ce Yohanna ya hana kowa zama a kujerar da ya ware mini, ni kuma har yanzu ban ce masa e ko a'a ba. Idan ku ne, za ku shiga motar?