Sunan Baba a Kunnen Bakwaini

Daren Laraba, Kaura Namoda.

Gobe suna, yaron kuwa yana nan cikin kwalba a asibiti, robar iska a hancinsa. Za a yanka rago a garinmu Birnin Tsaba, babu shi babu uwarsa.

Da rana Yaya Sani ya ja ni gefe. Ya ce, "Ka aje sunan marigayi Baba tukuna. Bakwaini ne. In Allah ya ba ka mai ƙwari, sai ka sa mashi." Maganar ta tsaya mini a rai. Wato suna ma sai mai tabbacin rayuwa? Wa ke da shi a cikinmu?

Bayan la'asar nas ta sa na wanke hannu, ta buɗe mini 'yar tagar kwalbar. Tun haihuwarsa ban samu yi masa huɗuba ba. Na sunkuya na yi kiran salla a hankali, sannan na raɗa masa sunan da kunya ba ta taɓa bari na furta ba.

Yatsu kawai ya motsa. Ya ishe ni.

Na ce, "Sannu Baba. Wannan karon dai ka daɗe mana."