Ranar da Na Kashe Tukunya

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Yaya da yaranta. Yaya ƙirjin? Ina fata tarin ya lafa, kuma kana shan maganin a kan lokaci, ba sai Yaya ta biyo ka da shi ba. Tunda ka ce a waya ba ka jin komai sai shuu, ga takarda, sai ka sa tabarau ka karanta a nitse.

Ka tambaye ni wane irin inji ne wannan da aka ce zai cinye dagwalon da kuka yi rabin rayuwarku kuna kwasa da shebur. Mu a nan tukunya muke ce masa, ko da yake ba ta yi kama da tukunya ba. Doguwar ganga ce ta ƙarfe mai kauri, a tsaye a tsakiyar sabon shago, bayan ramukan da ake juye dagwalon. Famfo ne ke tura mata dagwalon majema da na masana'antar rini, a matse shi matsi mai tsanani, a dafa shi har zafin ya haura digiri ɗari huɗu. A nan ruwa yakan bar halinsa, ba ruwa ba, ba tururi ba. Sai a hura masa iskar oksijin, ƙazantar da ke ciki ta ƙone ƙurmus a cikin ruwan, ba hayaƙi. Abin da ke fitowa ta ɗaya gefen ruwa ne garai-garai, da ɗan gishiri da toka. Ranar da muka fara tara shi a kwalba na daɗe ina kallonsa, ina tuna yadda Mama, Allah ya jiƙanta, take dafa tufafin aikinka a bayan gida amma warin bai taɓa fita ba.

Amininka Kawu Dogo yana gaishe ka. Na roƙi manaja an ɗauke shi daga bakin rami an dawo da shi shago, shi ke lura da tankin da ke ciyar da tukunya. An ba shi kujera da farar riga. Ya ce in gaya maka bayan tsufa ya zama likita, kai kuma ka yi gaggawar ajiye aiki, da yanzu kai ne nas ɗinsa. A gaban mutane Injiniya yake ce min, in mun keɓe kuma sai ya tuna min yadda nake kuka in ya ɗauke ni, wai tun ina goye na san warin rami ba abin arziki ba ne.

Sai dai, Baba, ramukan sun fi yadda ka bar su. Sun zama shida, kuma tankokin da ke kawo dagwalo ba sa fasa zuwa. Abin da tukunya ke ci a wuni bai kai abin da ake juyewa kafin azahar ba. Ɗakin da aka ba ni yana kallon na huɗun, in iska ta juyo sai na toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa. Ban faɗa don ka damu ba, kai ka ce kada in riƙa ɓoye maka.

Ka gaishe min da Yaya da yara. Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Auta

*

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jiki. Takardarka ta iso, na yi dariyar saƙon da ka ba ni in kai wa Kawu Dogo, amma rabinsa kawai na iya faɗa masa, sauran ya fi ƙarfin bakina.

Labarin wannan karon ba daɗi. Na kashe tukunya.

Tun farko mun san tana da cuta biyu. Gishirin da ke cikin dagwalo ba ya narkewa a irin wannan zafi, sai ya daskare ya toshe bututu, wannan kam mun saba, mukan tsaya mu wanke. Ta biyun ita ce muguwa. Ruwan da ke cinye ƙazanta yana cin ƙarfen da ya riƙe shi, a hankali, ta ciki, inda ido ba ya gani. Muna da na'urar da muke ɗorawa a jikin gangar ta gaya mana kaurin da ya rage. Makon jiya na auna kusa da wuyanta, na ga ya sirance fiye da yadda aka yarda. Na sake aunawa, na kira mai walda ya riƙe min fitila na kuma aunawa. Amsa ɗaya ce.

Manaja ba mugun mutum ba ne. Ya zaunar da ni, ya nuna min ramukan ta tagar ofishinsa, ya ce damina ta kama, ko wanne saura kaɗan ya cika, kuma in suka yi ambaliya unguwar da ke gangare za su nufa. Ya tambaye ni ko za a iya rage wuta a lallaɓa har ruwa ya ɗauke. Na ce in gangar nan ta fashe da abin da ke cikinta, duk wanda ke shagon ba za a sami abin binnewa ba, kuma ni ba zan sa hannu ba. Daga ƙarshe ya ce to a kashe. Sabon rufin da za a sa wa gangar ta ciki daga ƙasar waje za a kawo shi, ba wanda ya san yaushe.

Da hannuna na rage wutar. Tukunya takan daɗe kafin ta huce, tana ta ƙara kamar ana taka busasshen kara. Mutanen shago suka tsaya cirko-cirko.

Yanzu an mayar da kowa bakin rami, ana ƙara tsawon bango da buhunan yashi, ana jan ruwa daga wannan rami zuwa wancan. Har da Kawu Dogo, don har yau sunansa yana cikin 'yan rami, aronsa na yi. Na je na ce ya zauna ya riƙa share min shago, zan san abin da zan gaya wa manaja. Ya ninke farar rigar ya ajiye a kan kujera, ya ce ba zai zauna yana sharar inda ba datti ba alhali sa'o'in 'ya'yansa suna cikin laka har gwiwa. Ya ce in ajiye masa rigar kada ɓera ya taɓa, likita ya tafi hutu ne.

Ba na samun barci sosai. In na ji ruwa a kan kwano sai in tashi zaune. Ka sa mu a addu'a.

'Yarka,
Auta

*

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana zaune lokacin da za ka karanta wannan. Na roƙi Yaya kada ta gaya maka komai sai takardata ta iso, don ina so ka ji daga gare ni.

Allah ya yi wa Kawu Dogo rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safe ne, bayan an kwana ana ruwa. Famfon da ke jan ruwa daga rami na biyu ya tsaya, tsumma da ƙeƙasasshen gashin fata sun toshe bakinsa a cikin ƙaramar rijiyar da yake zaune. Ka san rijiyar, ai ka sha shiga. Na'urar auna gubar iska ɗaya ce ke aiki, tana wurin waɗanda ke can rami na shida. An aika a karɓo, amma ruwa yana ta hawa yana lasar buhuna, sai Kawu ya ce abin na minti kaɗan ne. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka tsani. Waɗanda ke sama sun ce da ya soka ƙarfe ya motsa lakar, sai suka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai ya buso, suka ga ya ɗago kai kamar zai yi magana, sai ya sulale. Wani ya yunƙura zai bi shi, suka riƙe shi da ƙarfi, ba don haka ba da yanzu maganar gawa biyu ake. Da igiyar suka jawo shi. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Ina ɗakin gwaji aka zo aka gaya min. Da na isa an riga an tafi da shi. Takalminsa na roba ƙafa ɗaya na gani a bakin rijiyar, cike da laka. Ban san dalilin da ya sa na ɗauka na wanke ba.

Na je wa matarsa Gwaggo gaisuwa. Na zauna a bakin ƙofa, na kasa shiga cikin mata. Ita ta hango ni ta sa aka kira ni, ta kama hannuna ta riƙe. Ta ce watannin nan da ya yi a shago su ne kaɗai a zaman aurensu da ya dawo gida ya ci abinci ba tare da ya fara yin amai ba. Godiya take yi min, Baba. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

A wurin aiki ba wanda ya nuna ni da yatsa. Amma in na shigo wurin cin abinci sai hira ta mutu. Mai walda kaɗai ya same ni a shago, ya ce, "Injiniya, da kin bari ta ci gaba da aiki, da yana kan kujerarsa." Bai faɗa da faɗa ba. Da ya gama ya tambaye ni ko akwai abin da zai yi min, na ce babu.

Kamfanin da ya ƙera tukunyar ya turo mutuminsa, aka buɗe ta aka yanko wurin da na auna. Ƙarfen ya zama kamar wanda gara ta ci, har da 'yar tsaga siririya. Na tambaye shi tsakani da Allah, da an bar ta za ta kai ƙarshen damina? Ya juya guntun ƙarfen a hannunsa, ya ce mai yiwuwa ta kai, mai yiwuwa kuma ta fashe washegari, ba injiniyan da zai rantse a kan ɗaya. Na so ya ce min da ta fashe. Na san in aka dawo da ni wannan rana, da na'urar a hannuna, abin da na yi shi zan sake yi. Sanin hakan bai rage min komai ba.

Na san abin da yake a wurinka. Allah ya jiƙansa, ya ba ka haƙuri, ya ba mu.

'Yarka,
Auta

*

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka, ko da yake Yaya tana gaya min. Ta ce ka karanta takardar, ka ninke ta ka sa a aljihu, tun daga ranar ba ka tambayi labarina ba. Ta ce abinci sai an matsa maka, kuma ka daina fita ƙofar gida da yamma. Kullum ina leƙa ofis ko an kawo saƙo, har masinja ya fara jin kunyata.

Ramukan ba su yi ambaliya ba, ruwa ya ɗauke saura kamar tafin hannu su cika. Rufin ciki ya iso, an saka, mun tayar da tukunya. An sayo na'urorin auna iska, yanzu kowace ƙungiya da tata, an kuma hana shiga rijiya sai da tulun iska a baya. Duk abin da ya kamata a yi tun da, an yi shi cikin 'yan kwanaki. Ruwa yana fitowa garau kamar da. Ina aunawa, ina rubutawa, in tafi ɗaki.

Gwaggo za ta tashi daga gidan ma'aikata, za ta koma wurin babban ɗansu. Na je na taya ta ɗaure kaya. A ƙasan akwati muka sami wani tsohon hoto, ta ce in kawo maka. Kai ne da shi, kuna samari, kowa da shebur a kafaɗa, ya ɗora maka gwiwar hannu a ka don ya nuna ya fi ka tsawo, kai kuma ka ɓata rai amma dariya tana neman ƙwace maka. A bayanku rami ɗaya ne tak, ɗan ƙarami, har da itatuwa a gefensa. Ban taɓa sanin an yi itatuwa a wurin nan ba.

Ba zan sa shi a ambulan ba, da hannuna zan kawo. Na nemi hutu an ba ni, ina tafe ƙarshen mako da motar safe. Ba sai ka ce min na yi daidai ba, ba kuma sai ka ce na yi kuskure ba. In ba ka son magana ba zan dame ka ba, zan shimfiɗa tabarma a gefen gadonka in zauna. Ni dai ba na so in ci gaba da yin kukansa ni kaɗai a ɗakin nan, kai ma kana can kana naka kai kaɗai.

Ka ɗan ci wani abu kafin in iso, don Allah.

'Yarka,
Auta